Idan Firgici Ya Taso Maka: Jagora Ga Matasa Masu Fama Da Fargaba

Abin yakan zo ne ba sallama. Kana zaune a aji, ko a cikin a-daidaita-sahu, ko kana tsaye a sahun masallaci, sai gabanka ya yanke ya faɗi. Zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya ƙi isa, tafin hannu ya jiƙe da gumi, yatsu da leɓɓa su kama tsikari. Wani jiri ne zai ɗebe shi, wani ƙirjinsa ne zai ɗaure, wata cikinta ya murɗa, wata kuma ta ji kamar ba a cikin jikinta take ba. Sai tunanin da ya fi komai tsanani ya biyo baya: shi ke nan mutuwa zan yi, ko kuwa haukacewa zan yi a gaban mutane. Bayan 'yan mintoci abin ya lafa, ya bar ka a galabaice, kana jin kunyar faɗa wa kowa.

Wannan shi ne harin firgici. Yayarsa ita ce fargaba, wadda ba ta zuwa farat ɗaya, sai dai ta zauna da kai kwana da kwanaki: tunanin jarrabawa, tunanin abin da mutane za su ce, tunanin kada wani abu ya sami Mama, barci ya gagara, abinci ya ƙi shiga. Ƙanena, zan riƙa cewa "ka" don magana ta tafi daidai, amma ƙanwata da ke ma nake, hasali ma matsalar ta fi yawa a tsakanin 'yan mata. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma fargaba na cikin waɗanda suka fi yawa. A ajinku akwai masu irin ciwonka, kowa ya yi shiru ne kawai.

Fara da sanin abin da jikinka yake yi

Ban san wata dabara da ta fi wannan sanin amfani ba, shi ya sa na sa shi a gaba. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari sai ya aika saƙo, wasu ƙwayoyi biyu da ke zaune a saman ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ga ƙafafu da hannuwa, numfashi ya yi sauri, tsoka ta ɗaure, narkar da abinci ta tsaya. Duk shiri ne na gudu ko na faɗa, kuma ranar da maciji ya faɗo maka daga rufin ɗaki, wannan shirin ne zai fitar da kai waje kafin ka yi tunani.

Harin firgici maigadi ne da ya ji motsin kyanwa, ya busa usur ya tashi unguwa. Usur ɗin na gaske ne, ɓarawo ne babu. Abin da kake ji a jiki ba ƙarya ba ne, ba raki ba ne, ba kuma neman a kula ka ba ne.

Kowace alama tana da dalilinta. Idan kana numfashi da sauri kana fitar da iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jinin da ke zuwa kai su ɗan tsuke, shi ne jirin da kake ji da tsikarin yatsu. Ciwon ƙirji yawanci daga ɗaurewar tsokar haƙarƙari ne. Jin kamar iska ba ta isar ka kuwa, a gaskiya iskar ta yi yawa ne, ba kaɗan ta yi ba.

A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, David Clark, ya yi bayanin yadda abin ke ciyar da kansa. Ka ji zuciyarka ta ɗan buga, ka ce a ranka "ciwon zuciya ne". Wannan tunanin ya tsorata ka, tsoron ya ƙara zubo adirenalin, zuciya ta ƙara bugawa, ka ce "ka gani ko, na faɗa". A haka abin ke hawa. Wato mummunar fassarar da ka yi wa alamar ita ce take hura wutar. Amma jiki ba ya iya riƙe wannan hali har abada: harin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, yawanci kuma ya wuce tsakanin minti 5 zuwa 30. Shi kansa harin ba ya kisa, ba ya haukatarwa, kuma da wuya ya sa mutum ya suma, domin suma tana zuwa ne idan ƙarfin bugun jini ya sauka, shi kuwa firgici ɗaga shi yake yi.

Mataki na farko: a duba ka a asibiti

Kafin ka ce firgici ne, bari ma'aikacin lafiya ya faɗa. Akwai cututtukan da kan zo da irin waɗannan alamu: ƙarancin jini, wanda ya yi yawa ga 'yan mata masu zubar da jini sosai lokacin al'ada, asma, saukar sukari, musamman ga wanda ya fita makaranta ba kari, yawan aikin ƙwayar maƙogwaro, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo, da rikicewar bugun zuciya. Maganin shaƙa na masu asma ma yakan sa zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa. Likita zai saurari ƙirjinka, ya auna jini, wataƙila ya sa a yi gwajin bugun zuciya.

Akwai kuma lokutan da ba a tsayawa wata dabarar numfashi, asibiti ake nufa kai tsaye: idan ka suma, idan ciwon ƙirjin ya zo ne kana gudu ko ƙwallo, idan numfashi yana fito ko leɓɓa sun sauya launi, idan akwai zazzaɓi mai zafi, idan wani ɓarin jiki ya saki ko jiki ya kama jijjiga. Mai sikila kuwa, duk ranar da ya ji ciwon ƙirji da wahalar numfashi kada ya saurari mai ce masa tsoro ne, ya tafi asibiti a lokacin.

To, idan an duba an ce zuciya da huhu lafiya lau, ka yarda. Wasu sai su shiga zagayen asibitoci da kemis, gwaji bayan gwaji, kullum hannu a wuya ana ƙirga bugun jini. Kowane gwaji yakan kwantar da hankali na kwana biyu, sannan shakka ta dawo ta fi da.

Lokacin da abin ya taso

Ka fara da kiran sunansa. Ka ce a ranka, ko a hankali da bakinka: "Firgici ne. Na san shi. Zai hau, zai sauka." Ba sai ka yarda da maganar ɗari bisa ɗari ba, faɗar kawai tana katse waccan fassarar ta mutuwa.

Sannan ka tsaya a inda kake, in dai ba a tsakiyar titi ba ne ko a kan babur. Ka zauna, ka dasa tafin ƙafafunka a ƙasa, ka saki kafaɗu, ka raba haƙoranka. Jikinka zai ce ka fita da gudu. Kada ka biye masa, zan faɗi dalili a gaba.

Sai numfashi, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Masu son taimako za su ce "ja numfashi sosai", kai kuma ka shiga zuƙar iska da ƙarfi, jiri ya ƙaru. Aikin yana wajen fitarwa ne. Ɗora hannu ɗaya a kan cibiya. Ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka ji hannun yana ɗagowa, ƙirji kuwa ba ya motsi sosai. Sannan ka tsuke baki ka fitar da ita kana ƙirga shida. Huɗu ciki, shida waje, zai ba ka numfashi kamar shida a minti ɗaya. Doguwar fitarwa tana taɓo jijiyar da ke rage gudun zuciya. Idan huɗu da shida sun yi maka tsawo da farko, yi uku da huɗu, in dai fitarwa ta fi shiga. Kada ka yi numfashi a cikin leda ko jakar takarda ko da wani ya ce ya gani a waya. Idan asma ce ko ciwon zuciya, wannan dabarar na iya jawo babbar illa.

Wani abu kuma: numfashin ba makami ba ne na kashe harin nan take. Idan ka yi sau biyar ka tsaya kana duba ko abin ya tafi, ka ga bai tafi ba, za ka ƙara tsorata. Ɗauke shi a matsayin abin yi kafin adirenalin ya ƙare da kansa.

Daga nan ka fito da hankalinka daga cikin ƙirji zuwa waje. Nemo abu biyar da idonka ke gani ka ambace su: allo, taga, takalmin wane, fanka, biro. Abu huɗu da jikinka ke taɓawa: benci, hijabi, sanyin siminti. Sauti uku da kake ji, ƙamshi ko wari biyu, ɗanɗano ɗaya. Wani ya fi samun sauƙi da ƙirga baya daga 100 yana cire bakwai-bakwai, wani da jan carbi, wata da karanta surar da ta haddace tana lura da kowane harafi, wani da addu'ar da ya saba yi a coci. Duk wanda ya riƙe maka hankali shi ne naka.

Idan akwai ruwa kusa, ka wanke fuska da mai sanyi, domin sanyi a fuska yana rage saurin zuciya. Alwala a natse tana haɗa abu biyu, ruwan da kuma nutsuwar.

Bayan ya lafa za ka ji gajiya, ƙafafu su yi sanyi, wataƙila kuka ya zo. Ba komai. Sha ruwa, huta kaɗan, sannan ka koma kan abin da kake yi, ko da rabin ƙarfi ne.

Kada ka jira sai ranar hari ka gwada waɗannan abubuwa. Ka riƙa yin numfashin nan minti biyar sau biyu a rana lokacin da kake lafiya lau, misali bayan Asuba da kafin kwanciya, har jiki ya saba ya riƙa yi ba sai ka tuna ba.

Littafin sirri

Sami ƙaramin littafi. Duk ranar da abin ya zo, rubuta lokaci, wuri, abin da ka ci ko ka sha, awa nawa ka yi barci, tunanin da ya fara zuwa, ƙarfin tsoron daga 0 zuwa 10, da minti nawa ya ɗauka. A ƙasa ka ƙara layi ɗaya: abin da na ji tsoro zai faru, da abin da ya faru. Bayan 'yan makonni za ka ga abu biyu. Za ka ga sawun abin, wataƙila safiyar Litinin ce, ko washegarin kwanan karatu, ko gab da al'ada. Za ka kuma ga shafi bayan shafi na "zan mutu" da rubutun hannunka, ga ka nan kana karantawa.

Gudu shi ne tarkon

A ganina nan ne ciwon yake zama ko ya tashi. Harin ya same ka a taron safe na makaranta, sai ka fara makara da gangan. Ya same ka a mota, ka koma tafiya a ƙasa. Ya same ka a sallar Juma'a, ka koma bakin ƙofa, daga baya ka daina zuwa. Duk lokacin da ka kauce za ka ji sauƙi nan take, kuma wannan sauƙin shi ne yaudarar, domin ƙwaƙwalwa za ta rubuta cewa gudun ne ya cece ka, wurin nan da gaske akwai haɗari. Gobe tsoron ya ƙaru, wuraren da ake gudu su ƙaru. Akwai waɗanda a haka suka bar makaranta, suka koma ko zaure ba sa iya leƙawa.

Akwai kuma ƙananan gudu da ba a ganewa: ba ka fita sai da wani, ba ka zama sai kusa da ƙofa, ba ka rabuwa da robar ruwa ko wata ƙwaya a aljihu don ko-ta-kwana.

Maganin shi ne komawa, amma daki-daki. Rubuta wuraren da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. A ce kasuwa ce matsalarka. Matakin farko, ka je shagon bakin layi kai kaɗai. Na biyu, ka je bakin kasuwa da yayanka da hantsi kafin a cika, ku tsaya minti goma. Na uku, ka shiga layi ɗaya shi yana jiranka a waje. Na huɗu, ka je kai kaɗai ka sayo abu ɗaya. Na ƙarshe, ranar cin kasuwa da yamma. Ƙa'idar ita ce ka fara da mai maki uku ko huɗu, ka tsaya a wurin har tsoron ya ragu da kansa, ko aƙalla har ka ga abin da kake tsoro bai faru ba, kuma ka maimaita matakin kullum ko kusan kullum kafin ka hau na gaba. Sau ɗaya a wata ba ya aiki. Idan hari ya zo kana tsakiyar gwaji, ba faɗuwa ka yi ba. In ka tsaya ya wuce a wurin, ranar ka fi kowace rana cin riba. Idan mataki ya yi maka tsayi, raba shi biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu jinya sukan ƙara da wani horo: a sa ka yi tsalle ko ka hau bene da gudu na minti ɗaya, zuciya ta buga, ka zauna ka saurare ta har ta sauka, don jiki ya koyi cewa bugun zuciya ba mutuwa ba ne. Wannan sai bayan likita ya tabbatar da lafiyarka, kuma ba na mai asma, sikila, farfaɗiya ko ciwon zuciya ba ne sai da izininsa.

Abin da kake zuba wa cikinka, da barcinka

Lokacin WAEC da NECO da JAMB, ko BEPC da BAC ga 'yan Nijar, ɗalibai kan kwana karatu da Nescafé, shayi mai kauri, goro, da lemukan ƙara kuzari. Dukansu suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke sa zuciya ta yi sauri, hannu ya yi rawa, wato daidai alamomin da ke tayar maka da hari. Kuma yana daɗewa a jiki: bayan kamar awa biyar rabinsa na nan. Ka rage shi a hankali cikin mako ɗaya ko biyu, don yankewa farat ɗaya na sa ciwon kai, kuma bayan Azahar ka bar shi gaba ɗaya.

Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Na san da wuya ga mai boko da safe, Islamiyya da yamma, aikin gida da dare, amma a duba da kyau, wayar ce ta fi cin daren. Ajiye ta nesa da shimfiɗa awa ɗaya kafin barci, kuma ka daina buɗe bidiyon gawarwaki da hare-haren da ake turowa a WhatsApp. Kada ka fita ba kari. Ka motsa jiki kullum, ƙwallo ne, keke ne, tafiya ce mai sauri, igiya ce a tsakar gida.

Sai maganar ƙwaya. Wani aboki zai ce ga abin da zai kwantar maka da hankali: tiramol, maganin tari mai kodin, diyazefam, ko wiwi. A watan Mayun 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, amma bai ɓace daga unguwanni ba. Wiwi da kanta tana tayar da firgici. Diyazefam da danginta suna kwantar da hari da sauri, shi ya sa suke da haɗari: jiki yana sabawa cikin 'yan makonni, in an daina fargabar ta dawo ta ninka, a wayi gari ciwo ya zama biyu.

Tunanin da ba ya barin ka

Ga fargabar yau da kullum, cewa "daina tunani" ba ya aiki. Abin da ya fi shi ne ka ba ta lokaci. Ware minti 15 kullum, a ce bayan La'asar, ba dab da barci ba. Duk damuwar da ta zo a wani lokaci, rubuta ta a layi ɗaya ka ce sai La'asar. Idan lokacin ya yi, ka raba su biyu. Wadda akwai abin yi a kanta, rubuta ƙaramin mataki ɗaya na gobe: maimakon "zan faɗi lissafi", ka rubuta "zan yi tambayoyi goma na shekarun baya, in kai wa malam waɗanda suka gagare ni". Wadda ba ta hannunka, ka yi addu'a a kanta ka rufe littafin.

Idan wani tunani ya nace, yi masa tambayoyi. Mene ne hujjata? Sau nawa na yi wannan hasashen ya tabbata? Da ƙawata ce ta faɗa mini haka, me zan ce mata? Wanda ya faɗi JAMB bana yana iya sake zama baɗi, dubbai sun yi haka suna jami'a yanzu.

Yadda za ka faɗa a gida

Wannan ya fi wa wasu wuya a kan harin kansa. Zaɓi mutum ɗaya da ka san yana saurare, ba lallai Baba ko Mama ba da farko: Yaya, Gwaggo, Kawu, malamar aji, malamin Islamiyya, matar fasto. Nemi lokacin da ba hayaniya. Ka fara da jiki, domin shi manya suka fi saurin fahimta: "Mama, akwai abin da ke damuna. Wani lokaci gabana yakan faɗi, zuciyata ta riƙa bugawa, numfashi ya gagare ni har in ji kamar zan mutu. Ya faru ba sau ɗaya ba. Don Allah ina so a kai ni asibiti." In baki ya yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa.

Ka shirya jin amsoshi irin su "me aka rage ka da shi a gidan nan?", ko "rashin azkar ne", ko "iska ce", ko "sammu aka yi mata". Yawanci tsoro ne da rashin sani ke sa su faɗi haka, ba ƙiyayya ba. Kada ka tsaya musu. Addu'a abu ce mai kyau, Annabi (SAW) da kansa ya riƙa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya yi umarni da neman magani. Fargaba ba alamar raunin imani ba ce. Ka ce, "A yi mini addu'ar, a kuma kai ni asibitin." Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka da sunan fitar da aljani, turnuƙe mai wahalar numfashi da hayaƙi, ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko ɗaure shi. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, har da yara, daga gidajen mari a jihohin Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa. Irin waɗannan wurare ba sa warkar da tsoro.

Idan wanda ka fara faɗa wa bai ɗauka ba, nemi na biyu.

Yaushe za a ga likitan ƙwaƙwalwa

Idan harin yana maimaituwa, ko ka shafe wata guda kana zaman ɗarɗar na jiran na gaba, ko ka fara barin makaranta da mutane, lokaci ya yi. A fara da asibitin da ke kusa, su tura ka gaba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Akwai sashen a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, haka ma Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Shiga can ba ya nufin hauka. Da yawa daga masu zuwa katinsu suke yanka, su ga likita, su koma gida. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu neman irin wannan magani.

Jinyar da aka fi tabbatar da amfaninta ita ce ta zama da ƙwararre ana gyara tunani da ɗabi'a, wadda likitoci ke taƙaitawa da CBT. Yawancin abin da na kawo a sama daga cikinta yake, sai dai da mai jagora ya fi tafiya daidai. Wani lokaci likita zai haɗa da magani irin su fuloksetin ko satralin. Ba sa aiki nan take, sai an yi makonni. A farkon sha fargabar na iya ɗan ƙaruwa. Ba a yanke su farat ɗaya. Kuma idan baƙin tunani ya ƙaru bayan an fara, a koma wa likita ba tare da jiran ranar da ya bayar ba. Faɗa masa komai, har da ƙwayar da ka taɓa sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wani tsoron kuma yana da tushe. Wanda 'yan bindiga suka tasa daga garinsu, ko ya ga kisa, ko aka taɓa ɗauke 'yan makarantarsu kamar yadda aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, ko yarinyar da wani ke ci wa zarafi a ɓoye, ko yaron da ake zalunta a ɗakin kwanan makaranta, ba za a ce masa ɓarawo babu ba. Idan ƙarar babur na sa ka firgita, kana mafarkin abin, yana dawo maka kamar yanzu yake faruwa, wannan raunin tashin hankali ne, jinyarsa daban ce, kuma idan cutarwar na ci gaba, tsayar da ita ne aikin farko. Kada ka yi tsanin komawa da na bayyana a kan wurin da haɗarinsa na gaske ne.

Idan kuwa tunanin kashe kanka ko ji wa kanka ciwo ya fara zuwa, kada ka kwana da shi. Faɗa wa babba yau, a kai ka sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. A Najeriya ana iya kiran 112.

Idan abokinka ne abin ya kama

Kori 'yan kallo tukuna, kada wanda ya ɗaga waya. Kada a yi masa ihu, kada a girgiza shi ko a mare shi, kada a kwara masa bokitin ruwa ko a ɗura masa abu a baki. Ka durƙusa daidai da shi, ka sassauta murya: "Ina nan, ba inda za ni. Bi numfashina." Ka yi numfashin a gabansa kana ƙirgawa a fili. Kada ka ce "ba komai ba ne" ko "haba, kamar ba namiji ba". Tambaye shi kafin ka riƙe masa hannu, wasu taɓawa na ƙara musu ƙunci. Tambaye shi ko ya saba yin haka, ko yana da asma ko sikila, ko ya sha wani abu. Idan wannan ne karo na farko, ko ya suma, ko an wuce rabin awa abin bai fara sauka ba, kira malami ko wani babba a kai shi asibiti. Idan ya lafa, raka shi gida, kuma labarin kada ya fito daga bakinka sai ga babban da zai taimaka masa.